Fayil ɗin da Baban Lydia Ya Buɗe wa Dara

Thaddeus ya rasu ranar wata Talata cikin daminar 2013, a wani ƙaramin asibiti da ke Karu, bayan jinyar kwana shida. Ni na riƙe masa kofi ya sha ruwansa na ƙarshe. Tun daga lokacin mutanen tashar Jabi suke matsa mini in rubuta wani abu a kansa, wai ni na fi kowa zama da shi. Ni ba marubuci ba ne. Aikina rubuta sunayen fasinjoji a layin Kaduna, karatuna kuma a aji uku na sakandare ya tsaya. Zan dai faɗi abin da na sani. In na yi kuskure babu mai gyara mini, don mai gyaran ne ya tafi.

Mutumin Kagoro ne. A Legas ya fara aikin gwamnati yana buga tafireta, ya biyo ma'aikatarsu zuwa Abuja lokacin da aka yi ƙaura. Shekara ashirin da huɗu ya yi yana buga wasiƙun manya. A 2006, da aka zo rage ma'aikata, aka ce an soke matsayin masu tafireta gaba ɗaya, tunda kwamfuta ta zo. Da aka miƙa masa takardar sallama ya karanta ta a tsaye, ya ga kuskure biyu a layin farko, ya zaro jan biro ya gyara, ya mayar wa sakatariya ya ce a sake bugowa. Aka sake bugowa, sannan ya sa hannu ya tafi.

Da aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, sai ya je ya sayi kwamfutar da aka fara ajiyewa a teburinsa na dā. Ya ce tunda ita ta kore shi, ita za ta ciyar da shi. Wata ƙatuwa ce mai ƙeya kamar tukunya, in an kunna ta sai ta yi gurnani na minti biyar kafin ta buɗe ido. Ya kama rabin kwantena a gefen teburina ya kafa ta. Takardar neman aiki, katin biki, wasiƙar ƙorafi zuwa ga mai gida, duk shi ke bugawa. Kuma komai na duniya yana da fayil a wurinsa. Mai gidan hayarsa yana da fayil, cocinsu yana da fayil, ciwon bayansa ma yana da fayil. Mutum bai isa ya zo ya ce "Oga Taifis, buga mini kaza" a tsaye ba. Sai ya zauna, ya faɗi sunansa, ya faɗi wanda ake rubuta wa da wanda za a bi ta hannunsa.

Ni dai Malam Sale yake ce mini, ni kuma Baban Lydia. In na tafi sallah shi ke tsare mini tebur, ya kuma rubuta sunayen fasinjoji da rubutun da ya fi nawa kyau, har direbobi suka riƙa yi mini fatan in daɗe a masallaci. Duk Kirsimeti sai ya kinkimo kazarsa daga Karu ya kawo mini in yanka, ya mayar da ita Karu a dafa, sannan ya sake dawo mini da cinya. Hanya uku kenan a kan kaza ɗaya, cikin cunkoson Nyanya. Na ce masa ya bari, ya ce ba a canza tsarin da yake aiki.

Matarsa Christina ta riga shi rasuwa da shekara tara. 'Ya ɗaya gare su, Lydia, ta yi karatun jinya ta sami aiki a Ingila a 2009. Su biyun nan ba su iya hira da juna ba. In ta kira shi a waya, zai tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta ci, ta tambaye shi bayansa, ya ce da sauƙi, sai su yi shiru suna jin numfashin juna har ɗaya ya ce to. Amma tun tana 'yar shekara bakwai ya koya mata dara a ƙofar gida, shi da duwatsu ita da kara. A kan dara kuwa bakinsu ba ya rufuwa.

Ita ta gano Darar Kowa. Wata manhaja ce ta buga dara ta intanet, kyauta, wasu 'yan sa-kai suka rubuta. Kafin ta tafi ta saka masa a kwamfutarsa, ta saya masa ɗan modem ɗin nan da ake soka wa layin waya. A tsohuwar manhajar babu wani ado. Allo baƙi ne, haruffa farare. Kowane gurbi yana da harafi da lamba, in kana son matsar da ɗanka sai ka buga, misali B3 zuwa C3, ka danna. In abokin wasa ya yi nasa, kwamfuta ta yi ƙara, motsin ya fito a rubuce. A ƙasa akwai layin da ake jefa wa juna magana. Sau uku ko huɗu a mako, bayan la'asar, in ba ta da aiki, sai ka ji Baban Lydia yana dariya shi kaɗai a kwantena. Ta hanyar wasanta yake gane halin da take ciki. Ya kan leƙo ya ce mini yau yarinyar nan ba ta yi barci ba, ko yau wani ya ɓata mata rai a asibiti, dubi yadda take cin 'ya'yana ba tausayi.

Abin da babu wanda ya sani sai ni shi ne idonsa yana tafiya. A hankali ya fara, daga gefe. Zuwa ƙarshen 2010 ba ya iya karanta rubutun hannu. In an kawo masa takarda sai ya ɗaga ta, ya yi tsaki, ya ce rubutun mutanen yanzu kamar kaza ta yi tono, Malam Sale zo ka gani ko kai za ka gane. Ni kuma in karanta masa da ƙarfi, yatsunsa su yi sauran, don ba su taɓa buƙatar ido ba. A dara ya ƙara girman haruffan har kowanne ya kai babban yatsa, ya kan kusantar da fuska ya karanta motsin Lydia, allon kuwa a kansa yake riƙe da shi. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Ya ce mutanen tasha ba za su kawo wa makaho bugu ba, amma wannan ƙaramin abu ne. Babban abin Lydia ce. In ta ji, ko dai ta ajiye aikinta ta dawo, ko ta fara kallonsa kamar ɗaya daga cikin tsofaffin da take juyawa a gado. Ya ce shi abokin wasanta ne, haka yake so ya zauna.

Ana cikin haka, ƙarshen Janairun 2011, ya buɗe dara sai sanarwa ta tare shi. Daga ranar ɗaya ga Maris, tsohuwar manhaja ba za ta ƙara shiga ba, kowa ya sauke sabuwa. Dalilinsu wai 'yan maguɗi sun gano wata kafa a tsohuwar, suna ajiye 'ya'ya biyu a zubi ɗaya, masu aikin kuma sun gaji da kula da manhaja biyu. A ƙarshe aka rubuta cewa mutum goma sha ɗaya kacal suka rage a kan tsohuwar.

Ya ce goma sha ɗaya ai sashe guda ne, akwai daraktan da bai da mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa.

Ya aike ni wani shagon intanet da ke bayan tasha in gano masa kamannin sabuwar. Na je na gani, na dawo. Sun zana ƙasa mai launin ƙasa, sun zana duwatsu masu launin ƙasa a kai, ƙanana kamar gyaɗa. Babu wurin buga harafi. Da mawus ake jan dutse daga gurbi zuwa gurbi. Ni mai ido biyu ma sai da na ƙanƙance su. Na ba shi labarin duka. Ya jawo sabon fayil daga ƙarƙashin tebur, ya rubuta DARA a bayansa da manyan haruffa, ya ƙara da lamba ta ɗaya, kundi na ɗaya.

Kwana biyu ya yi yana tsara takardar koke. Ya nufe ta ga Babban Sakatare na Darar Kowa, ta hannun Darakta mai kula da manhajoji, kwafi uku. Dalili bakwai ya jera. Ya ce kwamfutarsa ba za ta ɗauki sabuwar ba. Ya ce ba a yi sakula ba, wato takardar sanarwa. Ya ce dara wasan manya ne, ba a yi mata kwalliya. Ya ce ba a korar mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba. Dalili na gaskiya ne kawai bai shiga ciki ba.

Sai maganar inda za a kai. Ebenezer, wani direban layin Makurdi da ke da baki a ƙungiyar direbobi, ya rantse ofishin yana Sakateriya, babban ginin ma'aikatun tarayya, don a cewarsa babu abin da ke motsi a ƙasar nan da ba shi da ɗaki a Sakateriya. Mun je mun yi hawa da sauka rabin yini, wani mai gadi ya tura mu ma'aikatar wasanni, can kuma aka tambaye mu ko mun zo da ƙwallon. A ƙarshe na koma shagon intanet, aka nuna mini sunayen masu manhajar. Su bakwai ne, ɗaya daga ciki, Abdulmajeed, an rubuta Abuja a gaban sunansa. Nan Baban Lydia ya nuna mana shekara ashirin da huɗu ba wasa ba ce. Ya kira tsofaffin masinjoji uku. Masinjan Abuja ya san inda kowa yake aiki, da inda yake kwana, da ranar da ya yi faɗa da matarsa. Kafin yamma ta biyu mun san hukumar da Abdulmajeed yake aiki, da lambar gidansa a Gwarinpa, da cewa ba ya cin yaji.

Baban Lydia ya ce ba a samun babban mutum a ofis da irin wannan magana, gida ake bin sa, kuma ba a zuwa hannu sake ko mutum ɗaya. Ranar Asabar da hantsi muka tashi a motar Ebenezer. Shi ya sa kwat ɗinsa ta aiki da laktaye, ni na sa babbar rigar sallah, Ebenezer ya rataya katin ƙungiya a wuya. A but ɗin motar akwai doya goma sha biyu da wani jan zakara mai faɗa da aka ɗaure wa ƙafa da tsumma.

Wanda ya buɗe mana ƙofa wani siririn mutum ne da bai wuce shekara talatin da biyu ba, da gajeren wando da rigar ƙwallo. Baban Lydia ya gaishe shi, ya tambaya ko mahaifinsa yana ciki. Ya ce mahaifinsa yana Funtua. Da muka ce Abdulmajeed na Darar Kowa muke nema, sai ya dube mu, ya dubi zakara, ya ce shi ne, mu shigo.

Ebenezer ne ya buɗe taro, kamar yadda aka tsara a mota. Ya miƙe tsaye a tsakiyar falo ya ce, "Oga, mu 'yan tashar Jabi muna gaishe ka, mun ji aikin da kake yi wa ƙasa, Allah ya ƙara girma, ya kai ki minista." Ya yi minti goma bai ambaci dara ba. Matar gidan ta leƙo ta koma, daga baya muka ji ta ɗauka kwangila muka zo nema. Sannan Baban Lydia ya miƙa fayil da hannu biyu, ya roƙi a sa hannu a kwafi na biyu a matsayin shaidar an karɓa.

Abdulmajeed ya karanta har ƙarshe, na ga yana cije leɓe. Ya ce Baba, ai babu Babban Sakatare. Baban Lydia ya ce to Darakta. Ya ce babu Darakta. Ya ce to wane ne a samansa? Ya ce babu kowa a samansa, babu kowa a ƙasansa, babu ofis, babu albashi. Su bakwai ne suke yi a lokacin hutunsu, akwai wata malama a Zariya, akwai wani a Yamai, akwai wani Bature a Jamus da bai taɓa ganin dara a ƙasa ba. Rubutun manhajar a buɗe yake, kowa zai iya dubawa ya kawo gyara. In za a yanke shawara, a wani zaure na intanet ake tattaunawa a gaban kowa.

Baban Lydia ya juyo ya ce mini a hankali, irin waɗannan su ne manyan na gaske, ba sa taɓa yarda su ne.

Daga nan Abdulmajeed ya bi dalilan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, yana kashe su. Sakula? An yi wata uku ana neman mai ƙorafi a zauren, babu wanda ya zo. Kwamfuta ba za ta ɗauka ba? Ya shiga ɗaki ya fito da wata laftof da ya daina amfani da ita, ya ce kyauta ce, Baba ya tafi da ita yau. Ya buɗe ta a kan tebur, ya kunna sabuwar dara, ya tura masa mawus ya ce ya gwada, zai ga ba wuya.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Baban Lydia ya ɗora hannu a kan mawus kamar mai taɓa kan maciji. Ya ja, ya danna. Dutse bai motsa ba, sai ma wani hoton biki da ya buɗe. Ya sake ja, ya danna a wajen allon gaba ɗaya. Ina neman ƙaryar da zan yi masa, sai ya saki mawus, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "kai ka riƙe na'urarka. Ka faɗi gurbinka da baki, in faɗi nawa, ka matsar mana mu biyu."

Wasa uku suka yi. A na farko Abdulmajeed yana murmushi. A na biyu ya gyara zama. A na uku ya ajiye ɗa a inda ba a ce ba, bisa kuskure, Baban Lydia yana kallon bango ya gane daga gurbin da Abdulmajeed ya faɗa a gaba, ya ce ba nan ba, D4 ya ce, a mayar. Duk ukun Baban Lydia ya cinye shi. Ana cikin na ukun ne zakara ya kwance tsumma ya shige bayan talabijin, daga can ya yi tsalle ta taga. Ebenezer ya bi shi yana cewa zakara ya gudu. Abdulmajeed ya tashi ya rufe ƙofa a bayansa, ya dawo ya durƙusa kusa da kujerar.

"Baba, tun yaushe idon?"

Baban Lydia ya ce shekara biyu, kuma 'yarsa ba ta sani ba.

Abdulmajeed bai yi masa ƙarya ba, wannan na yaba masa. Ya ce tsohuwar manhaja dole ta tafi, kafar nan ba ta toshuwa. Amma za a iya mayar da bugawa da kibod da manyan haruffa cikin sabuwar, aikin 'yan makonni ne. Matsalar ita ce su da kansu suka cire shi, don sun ɗauka babu mai buƙata, kuma shi kaɗai ba zai iya mayarwa a ɓoye ba. Duk gyaran da zai shiga sai an rubuta dalilinsa a zauren, sauran sun gani sun yarda. In mai buƙatar ya rubuta da kansa, babu wanda zai ƙi.

Baban Lydia ya tambaya su wa ke karanta zauren. Abdulmajeed ya ce kowa, ya buɗe ya nuna mana muhawarar da aka yi kan rufe tsohuwar. Ya ce ga ma wata da ta goyi baya sosai, bari ya karanta mana. Ta rubuta cewa don Allah su rufe ta da wuri, ko babanta zai yarda ya rabu da wata tsohuwar kwamfuta mai kama da akwatin gawa, ta yi ta roƙonsa ta saya masa sabuwa ya ƙi. Sunanta Lydia, daga Ingila.

Na ɗauka zai ji haushi. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce ashe daga cikin gida aka rubuto takardar korarsa.

A mota na ba shi shawara ya rubuta da sunan ƙarya. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Ya ce a shekara ashirin da huɗu bai taɓa fitar da takarda ba sa hannu ba, takardar da ba ta da mai ita kwandon shara ake jefa ta, kuma haka ya kamata. Na ce to ni in rubuta da sunana. Ya ce ni da ko jera uku ban iya ba, wa zai yarda. Ebenezer yana tuƙi da zakara a cinya, don matar gidan ta ce doya ta gode amma wannan mu tafi da abinmu. Bai ce uffan ba har Jabi, abin da ya tabbatar mini ya ji komai ta taga.

Kwana tara fayil ɗin yana kan tebur an rubuta masa a dakata tukuna. Ya ci gaba da wasa da Lydia kamar babu komai, amma dariyar ta ragu. Rana ta goma, saura mako ɗaya a rufe, ya kira ni da safe ya ce in tsaya a bayansa in duba masa kuskure. Da Turanci ya buga, ya sa adireshi da kwanan wata da lambar fayil a sama, kamar yadda ya saba. Abin da ya ce a ciki kaɗan ne. Ya ce shi Thaddeus, tsohon mai buga tafireta, yana sanar da cewa idonsa ya yi rauni, ba ya ganin duwatsun sabuwar dara, amma yana ganin manyan haruffa kuma yatsunsa lafiya lau. Yana roƙon a bar masa hanyar bugawa, domin da wannan wasa ne yake ganawa da 'yarsa. Ya rufe da cewa shi ne bawansu mai biyayya. Na duba sau biyu, babu kuskure ko ɗaya. Muka je shagon intanet tare, shi ya danna da hannunsa.

Ba shi Lydia ta kira ba, ni ta kira. Ina tsakiyar cika motar Kaduna. Ta ce, "Kawu Sale, shekara biyu? Ni ma'aikaciyar jinya ce, kai kuma kana zaune kusa da shi kana karanta masa takardu?" Ta wanke ni tas, tana yi tana kuka, fasinjoji suna jira. Na ce alkawari na yi. Ta ce alkawarin banza. Ban musa ba. Ta ce za ta ajiye aiki ta dawo, na ce in ta yi haka ta tabbatar masa da abin da yake tsoro. Sai ta ba ni sunan wani likitan ido, ta ce in ban kai shi cikin makon nan ba kada in ƙara kiran kaina kawunta. Na kai shi. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma maganin ɗigawa zai riƙe sauran.

A zauren kuwa mutane suka yi ta amsawa. Ashe cikin goma sha ɗayan nan akwai wasu huɗu masu irin matsalarsa, kowa ya yi shiru yana jin kunya. Baturen Jamus ya tambaya mene ne lambar fayil, Abdulmajeed ya yi masa bayani, sai ya ce daga yau shi ma da ita zai riƙa kiran aikin. A tasha labari ya riga mu isa. Mutum biyu ko uku sun daina kawo bugu. Wasu kuma suka riƙa zuwa da takardu don su gwada shi, su tafi suna neman kuskure ba su samu ba.

Ranar ɗaya ga Maris aka rufe tsohuwar kamar yadda aka ce. Gyaran bai iso ba sai bayan mako biyar. A tsakanin nan ni ne mawus ɗinsa, a kan laftof ɗin da a ƙarshe ya yarda ya karɓa, bayan ya rubuta takardar shaidar karɓa. Shi ya faɗi gurbi, ni in ja dutse. Sau da yawa in ja wanda ba shi ba. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa aiki da na'ura marar inganci irina ba.

Ranar da gyaran ya iso, Abdulmajeed da kansa ya zo tasha ya saka masa. Allo baƙi, haruffa farare manya. Baban Lydia ya kore mu duka daga bakin kwantena, amma ni na laɓe a gefe. Suka fara. Ya ci ɗanta ɗaya, ya ci na biyu, ya ci na uku a sauƙaƙe. Maimakon dariya sai na ga fuskarsa ta canza. Ya janye hannu daga kibod. Sannan ya buga a layin magana, yana faɗa da baki yadda ya saba in ransa ya ɓaci.

"Lydia, ido na ce miki ya tafi, ba kai ba. In sadaka za ki ba ni, ki aiko ta coci."

Sai kwamfuta ta yi ƙara. Ya kusantar da fuska ya karanta a fili, ta ce to, Baba, gyara zama.

Cikin minti goma sha biyar ta share shi. Ba ta bar masa ko ɗa uku ba. Suka sake, ta sake share shi, ta kuma rubuto cewa in yana so ta kira Kawu Sale ya taimake shi. Ya fito bakin kwantena yana goge ido da hankici, yana gaya wa duk direban da ya wuce cewa yarinyar nan ba ta da kunya ko kaɗan, ubanta guda ta yi wa haka a gaban jama'a.

Shekara biyu da wata huɗu suka ƙara suna bugawa bayan wannan, ba ta ƙara sassauta masa ko sau ɗaya ba. Allah Ya ba ta haƙuri, ni ma Ya ba ni.